Rubutun Kaka Bok-rye

A Mokpo, inda teku ke janyewa da asuba
ya bar laka a shimfiɗe kamar ɗanyar fata,
kakata Bok-rye ta ƙarar da ƙuruciya wajen tonon ƙaguwa.
Ba ta taɓa zama a aji ba.
Baƙaƙen da ta sani, a bencin majami'a ta tsince su,
yatsa a kan layi, leɓe na bin bakin mai karatu.

Ranar da muka kwashe ɗakinta,
ni da gwaggona Sun-im,
a bayan tulun kabeji mai yaji
muka tarar da littattafan rubutu arba'in da uku
ɗaure da igiyar koma.
Ashe Littafin ta yi ta kwafa da hannu,
tun daga ranar da aka kunna wa duniya haske,
da biro mai arha, shekara goma sha ɗaya,
ba wanda ta gaya wa.

Ni mai walda ne a magyarar jiragen ruwa.
Rabona da majami'a tun ina gajeren wando.
Na ce a zuba su a kwali.
Gwaggo ta ce, buɗe ɗaya tukuna.

Ƙarnin kifi ne ya fara gaishe ni.

A na farko baƙaƙen manya ne, a karkace,
suna tafiyar ƙaguwa zuwa gefen takarda.
Inda aka jero wane ya haifi wane
ba ta tsallake suna ko ɗaya ba,
ta ma ƙara namu a ƙasa,
har da jaririn da bai kwana bakwai ba.
A wani gefen, kuɗin gishiri.
A wani, inda aka ƙone gari da mutanensa, ta sa:
Wannan ban yarda ba, amma na rubuta.

A na sha tara,
wurin mutumin da ya rasa garke da 'ya'ya ya zauna cikin toka,
tawada ta jiƙe ta bushe, takarda ta kumbura.
Suna ɗaya ne a gefen: Gil-su,
kawuna da jirginsa ya fita ran Laraba,
har yau Larabar ba ta wuce ba.

Inda koma ta cika har tana neman yagewa
ta rubuta: Gaskiya ne, na taɓa gani,
shekarar da na haifi Sun-im.
Gwaggo ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya.

Sai wurin yaron da ya cinye gadonsa a nesa,
uban na tsaye a ƙofa yana hangen hanya.
Sunana ne a can.
Ba zagi, ba wa'azi,
suna kawai, da 'yar alamar tambaya.

Na ƙarshen bai cika ba.
Hannun ya yi laushi, baƙaƙen sun ƙanƙance,
suka tsaya cak a tsakiyar magana,
daidai inda ake albishir da sabuwar ƙasa
wadda babu teku a cikinta.
Ƙarfi ne ya ƙare?
Ko kuwa matar da teku ya ciyar, ya kuma cinye mata ɗa,
ta ajiye biro ne tana shawara
ko za ta so irin wannan gari?

Shafi huɗu suka rage.
Ban san ko na ba da gaskiya ba, kada a tambaye ni.
Jiya dai na sayi biro a shagon bakin tasha,
na zauna a daɓenta mai ɗumi bayan an tashi aiki.
Hannun da ke riƙe wuta ya ɗinke ƙarfe bai taɓa rawa ba.
Yau layi ɗaya na yi,
ya fita a karkace, kamar nata na farko.