Benci Biyu

Alƙali ya ce babu hujja,
ya rufe fayil, ya sallami Isaka.
Na ɗaga hannu zan yi guɗa,
sai na tuna Mutaru na kwance a maƙabartar Tafo.
Hannun ya tsaya a iska.

Nono ɗaya suka sha.
Gida ɗaya a Aboabo,
ɗaki shida da ubansu ya bari
bai rubuta komai ba.

Mai gadi ya ce farar riga ya gani;
da lauya ya matsa, rigar ta koma shuɗiya.
Mai koko ta ji ihu bayan isha'i,
ashe ranar tana Tamale wajen suna.
Wuƙar kuwa ta kowa ce,
da ita nake yanka albasa.

Barikisu, matar marigayi,
ta sayar da keken ɗinkinta,
ta bi lauyan gwamnati ofis-ofis
har aka ɗaukaka ƙara.
Ban ga laifinta ba.
Marayunta na cin tuwo a kwanona,
suna kallon baffansu da wutsiyar ido.

Na tsare shi da dare, Alƙur'ani a tsakaninmu.
Ya ce, "Inna, har da ke?"
Shi ke nan abin da ya ce.

Litinin za mu hau tirotiro zuwa Adum.
Benci biyu ne a kotun, hagu da dama.
Ni na haifi wanda aka kashe,
ni na haifi wanda ake tuhuma.
Masinja, nuna mini inda zan zauna.