Banki Biyar, Titi Ɗaya

Da can banki ɗaya gare mu.
Na zauna bisa bencinsa har azahar,
mai gishe ya dubi baƙin walda a hannuna,
ya ce in komo da takardar fili.
Filin wa? Rumfar ma haya nike.

Bana sun kai biyar, kowa da fentinsa,
suna rige-rigen gaida Alhaji Na-Allah mai tireloli.
Wannan ya rage mishi ruwa, wancan ya ƙara ragewa.
Ni Sha'aibu mai ƙofofi na Ali Ɗan Sofo,
sai kallo.

Ran Laraba Tsahara ta tsai da moto bakin rumfata.
Manya sun ƙare, in ji ta,
an turo su farautar ƙanana.
Ba ta tambayi fili ba.
Ta ƙirga ƙofofi bakwai a jingine,
ta buɗe littafin adashina, shekara huɗu ba fashi.

Jika ɗari ukku. Ruwan da ɗaci,
amma janareto na ruri in an ɗauke wuta.

Jiya na gaya mata na ƙetaren titi ma sun aiko.
Ta yi shiru,
ta ciro biro, tana sake lissafi.