Littafin Awo

Shagona na Tudun Wada, daf da mai gyaran agogo.
Littafin awona ya girmi 'ya'yana duka.
Shafi na tara: Haliru Kwarbai, ɗalibin Kongo,
ƙugu ashirin da takwas, wando ɗaya,
saura sule biyar, zai kawo ran Laraba.
Ya kawo ran Talata.

Shafi na sittin: baƙar riga.
Ban taɓa ɗinka irinta ba,
sai da na farke ta wani lauya na ga cikinta.
Duk shekara takan dawo da gwiwar hannu a cinye,
ta dama kullum, inda take gogar tebur.
Na ce, Malam, rage rubutu.
Ya ce, gaya musu su rage rigima.

Ni ma na tsaya gabansa sau ɗaya,
ni da ƙanwata Gambo, kan kangon babanmu a Ƙofar Gayan.
Ya dube ni kamar bai taɓa ɗaga mini hammata ba,
ya ba ta taku bakwai har da rijiyar.
Wata uku ban gaishe shi ba.
Ana saura kwana goma salla ya shigo da yadinsa,
ya ware hannuwa, ya jira.
Na auna. To me zan yi?

Sai rediyo ta ce gwamnati ta kira shi.
Daga nan direba ke zuwa,
da shadda bandir-bandir da takarda a ninke:
wuya ya ƙaru inci biyu, ciki huɗu.
Shekara shida ina ɗinka wa mutumin
da ba na gani sai a talabijin,
yana jawabi, ni ina duba zaman kafaɗa.
Sau ɗaya ya aiko tsaraba daga Koriya,
almakashi mai jan mariƙi, babu wasiƙa.
Har yau yana ci.

A teburin mai shayi sukan tsare ni:
ya taɓa ko bai taɓa ba?
Wani ya ce ai titin gidansu har yanzu taɓo ne.
Wani ya ce wannan ma dabara ce.
Ni tela ne.
Tef ɗina a kan fata yake tsayawa.

Jiya bayan la'asar ɗan acaɓa ya sauke shi,
shi kaɗai, da sanda,
rigar da na ɗinka masa bara waccan tana yawo a jikinsa.
Ya zaro baƙar rigar daga leda, asu ya ci bakinta.
Jikata Suwaiba ta gama Kongo, in ji shi, rage mata.
Na juya hannun dama:
facina na nan, uku bisa juna,
na farkon ma zaren bai dace ba.

Ya ce, nawa ne?
Na ce, ka kawo ran Laraba.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
na aiki yaro ya sayo ruwa.