Mai Riƙon Igiya

Aka ce mu tafi Holiwud, can rana ba ta fashi.
Muka sayar da keken doki a Omaha, dala tara da buhun albasa,
ni da Ottilie, da akwati mai karyayyen marfi,
da ƙafarta ta hagu, wadda ta ƙi manta daren Wichita.

Shekara goma sha ɗaya muna bin ayarin tanti,
gari ya tauna mu, gari ya tofar.
Ita can sama kan lilo, tana yanka iska kamar tsattsewa,
ni a ƙasa, igiya a hannuna, raina a hannunta.
Daren da ƙugiya ta ɓalle ko ganga ba ta tsaya ba.
Mai tanti ya ce a ci gaba, jama'a sun biya,
ya kuma zare kuɗin rigar da jini ya ɓata.

To ga mu a filin Mista Pruett:
tanti gaba kawai, bayansa katako da ƙusa,
giwar haya tana hamma,
ruwan sama daga tiyo, farin wata faranti ne aka rataye.
Labarin nasu: 'yar lilo ta so mai jifa da wuƙa,
ɗan attajiri ya zo da mota da zobe,
ta bi shi, ta yi da-na-sani, ta dawo jiƙe sharkaf,
ta hau lilo da zazzaɓi don ta fanshi masoyi daga bashi,
ta faɗo.

Tauraruwarsu ko tsani ba ta hawa.
Daga kwalba ake ɗiga mata hawaye.
In faɗuwa ta zo sai a ƙwala wa matata kira,
a ɗora mata gashin aro mai ruwan zuma,
a ce ta ba kyamara baya.
Dala biyar kowace faɗuwa.
Ran Talata sau shida ta faɗo,
darakta na ihu ta mazurari: "Bai taɓa zuciya ba! A sake!"
Ni ke jan igiyar raga, can inda hoto ba ya kaiwa.
Fatar tafina ta saɓule, ban saki ba.
An ce wanda maciji ya sara, ko igiya ya gani sai ya zabura.
Mu da igiyar muke cin abinci.

Da dare, ɗakin haya, sama da shagon wanki,
ina murza mata gwiwa da man zafi,
tana jera sulalla kan bargo: na haya, na burodi, na Misis Kowalczyk.
Na ce, "Mu bari. Zan je tsinkar lemo a gonaki."
Ta ce, "Ambrose, wa zai riƙe ni?"
Ta yi dariya, sai ta juya fuska ga bango.

Da fim ya fito muka biya kuɗinmu kamar kowa,
kujerar ƙarshe, kusa da ƙofa.
Sunaye suka wuce a allo, har na giwa. Babu nata.
Bakuna na motsi ba murya, mai fiyano ke yi musu kuka.
Wata a gefenmu ta jiƙa hankici tun kafin a yi nisa.

Sai ga lilo. Sai ga bayan nan.
Ɗaki ya ɗauke numfashi don wata mace daban,
ni kuwa na ga ƙafar hagu ta lanƙwashe, tana ɓuya bayan ta dama,
yadda take yi tun Wichita.
Ban san sanda na damƙi iska ba,
na ja, na ja, har kujera ta yi ƙara.

Ta ɗora hannu kan nawa cikin duhu.
"Saki," ta ce, "ai tun bara na sauka."

Kuɗin mota ya tafi a tikiti, muka taka da ƙafa.
Titi goma sha huɗu, tana ɗingishi, tana rataye da kafaɗata,
tana mitar gashin aron bai zauna daidai ba.
Ni dai ban ce komai ba.
Hannun bai buɗe ba har gida.