Mazajen Rajajil

Ranar Juma'a aka sallame mu daga gonar zaitun,
hannuna na warin mai, gadon bayana na kuka.
Attahiru ya ce, "Hau, in kai ka ka gai da mazaje."
Na ɗauka majalisa ce, mai shayi da hira.

Muka ba Sakaka baya, muka yanki kudu,
motarsa na tari kamar tsohon da taba ta cinye,
har inda kwalta ta gaji da mu ta tsaya.

Sai ga su.
Ba rawani, ba baki, ba hannun musabaha.
Duwatsu ne dogaye, an kafa su cikin rairayi,
nan huɗu, can biyar, can kuma ɗaya ya kwanta
ya bar 'yan'uwansa suna leƙen fuskarsa.
Wani ya karkata kamar mai sauraren raɗa,
wani ya jingina da na kusa da shi
tun ba a haƙa rijiyar farko a garinmu ba.

Na yi sallama. Wallahi na yi, bakina ne ya riga ni.
Attahiru ya yi dariya har da riƙe ciki.
Iska ce ta amsa, ta cika mini haƙora da yashi.

Wani ɗalibi mai tabarau, da littafi a hammata,
ya ce mana shekara dubu shida, ko kusa da haka.
Ya ce wataƙila makwanci ne, wataƙila alamar hanya,
wataƙila da su ake lissafin fitowar rana.
Wataƙila, wataƙila.
Ashe masu karatu ma suna lalube a duhu.

Ni dai gumi na gani.
Wani ya sassaƙe wannan ba tare da ƙarfe ba,
wasu suka ja shi har fatar tafi ta saluɓe,
wata ta kawo musu ruwa a salka,
wani ya zagi rana, wani ya sulale ya sami inuwa.
Na san su sarai.
Da irinsu nake kwana, mu takwas a ɗaki ɗaya.
An manta wanda ya yi, an manta wanda ya sa a yi,
aikin ne kawai ya ƙi kwanciya.

Bara, cikin watan Safar, aka kai Baba makwancinsa
ina bisa tsani ina tsinkar zaitun.
Waya ce ta gaya mini, da muryar ƙanena Ilu.
Ya ce ya kafa guntun tulu a wajen kai
don in gane wurin ranar da na komo.
Damina ta wuce a kai, awaki sun bi ta nan,
ban taɓa tambayarsa ko yana nan ba.

La'asar ta sakko. Inuwarsu ta miƙe gabas,
ta fi su tsawo, ta hau ƙafata.
Na ɗauki tsakuwa guda, mai ɗumi kamar ƙwan kaza,
na auna ta da aljihu,
sai na mayar da ita gurbinta.
Baƙo ba ya raba gida da 'ya'yansa.

Attahiru na ta danna hon.
Na ɗaga waya sama ina farautar sabis
har sanda ɗaya ta fito, tana rawa.
"Ilu, kana ji na? Gobe da asuba ka leƙa maƙabarta.
In tulun ya nutse, ka nemi dutse.
A'a, ba ƙarami ba.
Wanda sai ka kira wani ya kama maka."