Littafin Aljihu

Sallau, ranar Talata ce,
ana yayyafi a Ƙofar Doka,
na ƙirga maka dubu goma sha biyu
a kan bencin Tanimu mai shayi.
Ka tura su aljihun hagu, wanda bakinsa ya warware.
Da sati uku suka cika na tuna maka,
ka dube ni da tausayi:
"Wane kuɗi, Mudi? Anya kana samun barci kuwa?"

Na koma gida ina laluben kaina
kamar allurar da ta faɗa saƙar tabarma.

Shekara tara zaure ɗaya,
ina fitar da aska takwas a wuyan riga,
kana riƙe mini bakin zare da bakin zance.
Kai ka ce Iliya na zagina a bayan ido.
Ashe shi ma ka kai masa nasa kason.
Ya naɗe tabarmarsa ya koma Tudun Wada,
ka ce, "Ka gani? Kowa ya gudu, ni kaɗai na rage.
In ban da ni, wa zai iya da halinka?"

In na ji zafi, wasa ne, ban san wasa ba.
In na yi shiru, riƙo gare ni.
Kai za ka taka ni,
ni zan sayo tsire a Sabon Gari
in zo ina ba ka haƙuri.

Har Shika na je, na karɓi kati,
na ce wa likita mantuwa ta kama ni.
Ya auna, ya tambaya, ya sake tambaya,
ya ce kaina lafiya lau.
Na fito ina jin haushinsa,
don na fi yarda da kai.

A hanyar dawowa, a Kwangila,
na sayi ɗan littafi mai shuɗin bango.
Na fara rubuta rana da lokaci,
abin da ka ce, abin da na ce.
Takarda ba ta dariya.
Ba ta dafa kafaɗata ta ce na ruɗe.

Wata safiya Tanimu yana fifita shayi
ya ce, "Mutumin naka ya biya ka?
Ai a gabana ne, har ɗari biyar ta faɗi ta jiƙe."
Kofin ya yi rawa a hannuna.
Kuɗin ba su dame ni ba.
Talatata aka dawo mini da ita.

Yanzu ina ɗinki a zauren Iliya.
Ba zan ɓoye ba, wani lokaci
in abin dariya ya faru
kai nake juyawa in nema.

Jiya ka tsaya a bakin ƙofa,
murya ƙasa-ƙasa: "Me na yi maka ne?"
Bakina ya buɗe da kansa,
tsohuwar kalmar ta hau harshe.
Na cije ta.
Na zaro littafin na rubuta:
Laraba, bayan la'asar,
ban ba da haƙuri ba.