Ƙusoshi Huɗu a Bangon Cindo

A shagon Cindo, can bayan Dilimi,
ƙusoshi huɗu ne a bango.
Bindigogin sun tafi, surarsu ta zauna
inda hayaƙin gawayi bai samu shiga ba.

Ta farko adaka ce, ta kakansa, doguwa.
A ɗura albarushi, a danna tsumma,
a yi bisimilla, a kau da kai.
Yau ta ka da gada, gobe ta cinye gira.
Unguwar da ta ji tarinta
sai ta ɗora tukunya.

Turawan kuza suka hau tudu
da mai baki biyu, jere kamar tagwaye,
an zana mata zabi a kumatu.
Chollom, kukun manaja, ya gaji ɗaya
ranar da maigida ya naɗe komatsansa.
Shekara talatin yana bin kirinjijiya
a bakin tafkunan da haƙa ta bari.
Yakan ce harsashi biyu sun ishi mai hankali:
na farko naka,
na biyu na kuskurenka.

Sannan masu mota suka ce an wuce nan,
baki bisa baki ake yi, kamar bene.
Suna cilla farantin yumɓu sama su fasa,
abin da ba ya jini, ba ya shiga miya.
Cindo ya yi dariya har ya ƙona yatsa,
amma ya gyara, kuɗinsu ba ya wari.

Ta huɗu mai famfo ce, baƙa, gindin roba,
babu zane, babu suna, biyar a ciki.
Masu nemanta ba su taɓa tambayar
inda makwarwa ke kwana ba.
Tsayin katanga suke aunawa.
A shekarar ya rataye magagari,
ya koma gyaran kwado da risho.

Jiya jikan Chollom ya zo daga Abuja
da tagwayen nan naɗe cikin tsohon zane.
Wai yayinta ya dawo, falo za ta hau,
a goge tsatsa kawai, ba sai ta yi magana ba.

Cindo ya karya ta a gwiwa,
ya ɗaga wajen duwatsun Shere, ya leƙa.
Sama biyu, zagaye, wankakku.
Ya daɗe yana jira
ko wani tsuntsu zai gifta.